Iskar da ke Taruwa a Jini, da Yadda Ake Shiga Gwajin Magani

 Darasinmu na wannan karo ya shafi numfashi. Za mu duba wata lalura da ke samun wanda huhunsa ya gaji, har gurɓatacciyar iska ta taru a cikin jininsa. Daga nan mu duba abin da ake kira gwajin magani: mene ne shi, ina ake samunsa, kuma me ya kamata mutumin Dogon Kiriya ko na Tibiri ya sani kafin ya ce ya yarda. Muna roƙon malaman cibiyoyi su bi darasin tare da ɗalibai sannu a hankali, ko da zai ci zama biyu.

Iska mai shiga da iska mai fita

Tun da farko, iskar da muke magana a kanta ba ta da dangantaka da iskokin da ake faɗi a gargajiya. Muna nufin wadda ke shiga hanci ta fita. A cikin iskar da muke shaƙa akwai wani sashe mai amfani, sunansa oksijin. Shi ne kashi 21 cikin 100 na iskar duniya. Jiki yana ƙona abinci da oksijin, kamar yadda murhu ke cin itace, ya sami ƙarfi. To, kowace wuta tana da hayaƙinta. Hayaƙin wutar jiki shi ne iskar kabon. Da Faransanci ana ce mata gas karbonik, likitoci kuwa su rubuta CO2. Ba ta da launi, ba ta da wari. Jini ne ke kwaso ta daga ko'ina a jiki ya kai ta huhu, mu fitar da ita. Babban mutum yana yin haka sau 12 zuwa 20 a minti guda, dare da rana.

Manoman wake sun ga aikin wannan iska. Idan aka zuba wake a buhun PICS mai ninki uku aka ɗaure tam, ƙwarin da ke ciki za su shaƙe oksijin, iskar kabon ta ƙaru, su daina ci, su mutu, ba tare da an zuba musu magani ba. Masu haƙar rijiya ma sun san ta. Ta fi sauran iska nauyi, saboda haka tana kwanciya a ƙasan rijiya mai zurfi. Shi ya sa ake fara sauke fitila, in ta mutu ba a shiga. Ko ba ta mutu ba, a ɗaura wa mai shiga igiya. In kuwa ya faɗi a ciki, a jawo shi, kada wani ya bi shi da gaggawa, domin iskar da ta kayar da na farko tana nan tana jiran na biyu.

Kada kuma a haɗa ta da iskar gawayi, wadda ke kashe masu kwana da wuta a rufaffen ɗaki lokacin ɗari. Waccan wata guba ce dabam.

Me ke sa ta taru?

Lafiyayyen huhu ba ya barin iskar kabon ta taru. Da ta ɗan ƙaru a jini, ƙwaƙwalwa za ta umarci ƙirji ya ƙara sauri. Dalilin da ya sa mai noma ke haki ke nan. Matsala na zuwa ne idan huhu ya lalace, ko ƙirji ya rasa ƙarfi, ko ƙwaƙwalwa ta yi nauyi ta kasa ba da umarni.

Babban abin da ke kawo wannan shi ne wani ciwo mai daɗewa, wanda ke toshe ƙananan hanyoyin iska na cikin huhu. Likitocinmu na rubuta shi da haruffa huɗu, BPCO. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 ya kashe mutum miliyan 3 da rabi, kuma shi ne na huɗu a cikin cututtukan da suka fi kisa a duniya. A ƙasashen Turawa taba ce kan gaba wajen haddasa shi. A nan wurinmu akwai taba, amma akwai kuma hayaƙin murhu. Yarinya ta fara girki tana ƴar shekara goma, da itacen sabara da geza, da kara, da kashin shanu, a cikin ɗakin da ba shi da taga. Ta yi shekara arba'in a haka. Ba ta taɓa riƙa sigari ba, amma huhunta ya sha hayaƙin da ya ishe shi. Tarin fuka da ya warke ya bar tabo mai yawa yakan kai ga haka. Hakanan ciwon asma in ya yi tsanani, da ƙiba mai yawa da ke danne ƙirji cikin barci. Sai kuma ƙwayoyi irin su tramol da magungunan barci, waɗanda ke rage wa ƙwaƙwalwa kuzari har numfashi ya yi sanyi. Muna jan hankalin samari a kan wannan.

Alamun sukan zo a ɓoye. Mutum ya tashi da ciwon kai kowace safiya. Ya riƙa gyangyaɗi da rana tsaka, ana cikin hira. Ya yi haki a tafiyar da bai saba haki a cikinta ba. In abin ya yi nisa, hannunsa ya riƙa fizga idan ya miƙe shi, ya fara ruɗewa, ya yi maganar da ba ta kan hanya, daga nan barci mai nauyi, daga nan suma. Sau da yawa in tsohuwa mai daɗaɗɗen tari ta fara ruɗewa, sai a ce tsufa ne, ko a ce an taɓa ta. Kafin a ce komi, a kai ta asibiti a ranar. Mai tari da haki wanda ya fara ruɗewa, ko aka kasa tashinsa daga barci, ba a kwana da shi a gida.

Yadda ake auna ta

Da yawa daga cikinmu sun ga ƙaramar na'urar nan da ake maƙala wa mutum a yatsa. Ita oksijin kaɗai take aunawa, ba ta ganin iskar kabon. Kafin a san yawan kabon sai an ɗebi jini daga jijiyar da ke bugawa a wuyan hannu, a sa shi a wata na'ura ta musamman. Ga lafiyayye awon yana tsakanin 35 da 45. In ya wuce 45, an ce iskar ta taru. Irin wannan na'ura sai a manyan asibitoci.

A nan akwai abin mamaki. Kowa zai zaci mai haki, in an buɗe masa oksijin da yawa, ya fi samun sauƙi. Ga mai ciwon BPCO ba haka ba ne. Oksijin da ya wuce kima yakan sa iskar kabon ta ƙara taruwa a jininsa. Saboda haka likitoci ke ba shi daidai gwargwado, har na'urar yatsa ta nuna 88 zuwa 92. Mai jinya kada ya murɗa makunnin oksijin da kansa don tausayi. Kada kuma ya hana a sa, domin rashinsa ma yana kisa. Awo ne, kuma aikin ma'aikacin lafiya ne.

Ta yaya aka tabbatar da haka? A tsibirin Tasmaniya na ƙasar Ostareliya, an raba ma'aikatan motar ɗaukar marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya suna buɗe oksijin sosai kamar yadda aka saba, ɗaya kashin suna ba da shi da awo. Marasa lafiya 405 suka shiga lissafi. Da aka bayyana sakamako a 2010, an ga mutum 9 cikin 100 sun rasu a ɓangaren da aka buɗe sosai, 4 cikin 100 a ɓangaren awo. Wannan shi ake kira gwajin magani.

Gwajin magani kamar gonar gwaji ne

Manomi ya san gonar gwaji. Idan malaman gona na INRAN suna son sanin ko sabon irin hatsi ya fi na gida, ba sa tsayawa ga baki. Sai a raba gona, a shuka wannan nan, a shuka wancan can, rana ɗaya, taki ɗaya, noma ɗaya. Da kaka a ƙirga damma. Da a ce an shuka sabon iri a fadama, na gida a kan tudu, ai ba a yi adalci ba, kuma ba a koyi komi ba.

Haka ake yi wa magani. Ana raba marasa lafiya gida biyu. Wasu su sami sabon magani ko sabuwar dabara, wasu su sami wanda aka saba. Wani lokaci kashi na biyu ana ba su abin da ya yi kama da maganin, launi ɗaya, ɗanɗano ɗaya, amma babu magani a cikinsa. Ƙuri'a ce ke rabawa. Likita ba ya zaɓa, mara lafiya ba ya zaɓa, ɗan sarki da ɗan talaka duk ɗaya. Sau da yawa ko likitan bai san wanda ya sami wane ba sai an gama. Bambancin kawai shi ne, mutum ba hatsi ba ne. Gona ba a neman izininta, mutum kuwa tilas sai ya yarda.

Babban magani na taruwar iskar kabon ta wannan hanya aka tabbatar da shi. Wata na'ura ce mai tura iska ta cikin abin rufe hanci da baki, tana taya ƙirjin da ya gaji aiki. A 1995 an bayyana gwajin da aka yi a asibitocin Faransa da Italiya da Sifen a kan mutum 85 da ciwon ya taso musu. Cikin waɗanda aka sa wa na'urar, 9 cikin 100 suka rasu. Cikin sauran, 29. A 2000 asibitoci 14 na Ingila suka sake gwadawa da mutum 236, aka sami 10 cikin 100 a kan 20. A 2014 kuma likitocin Jamus da Ostiriya suka bayyana abin da suka gani a kan mutum 195 masu daɗaɗɗiyar taruwar kabon. An ba rabinsu na'urar su riƙa kwana da ita a gida. Bayan shekara ɗaya, 12 cikin 100 suka rasu a cikinsu, a ɗaya ɓangaren kuwa 33.

Mai karatu zai lura cewa duk waɗannan ƙasashe na nesa ne. Dalili a fili yake. Gwajin wannan lalura yana bukatar na'urar awon jini, da lantarki marar yankewa, da ma'aikata masu tsaye dare da rana. Saboda haka mafi yawansa a manyan asibitocin Turai da Amurka da Sin ake yi. Ba abu ne da ake ɗaukowa a mota a kawo kasuwar ƙauye ba. Duk wanda ya zo da jaka ya ce yana gwajin maganin wanke jini daga mummunar iska, a biya a shiga, to a riƙe aljihu.

Gwaji kuma ba kullum yake cewa e ba. A ƙasar Malawi, tsakanin 2013 da 2016, an raba wa gidaje murhu mai ƙarancin hayaƙi, aka bi yara fiye da 10,000 don a ga ko ciwon haƙarƙari zai ragu. Bai ragu ba. Wannan bai wanke hayaƙi daga laifi ba. Ya dai nuna cewa sabon murhu shi kaɗai bai isa ba, tunda yaro na shaƙar hayaƙi daga wurare da yawa. Ba don an gwada ba, da an kashe dukiya mai yawa a kan zato.

Abin da aka gwada a ƙasarmu

Kada a ɗauka gwajin magani baƙo ne a jihar Doso. Daga 2014 zuwa 2017 an yi wani babban gwaji mai suna MORDOR a gundumomin Boboye da Loga, tare da wasu yankunan Malawi da Tanzaniya. Ana ba yara ƴan wata 1 zuwa 59 wani magani mai suna azitromisin sau biyu a shekara. A can ƙauyuka aka raba da ƙuri'a, ba mutane ba. Sakamakon ya fito a 2018: mutuwar yara ta ragu da kashi 18 cikin 100 a ƙauyukan Nijar da suka sami maganin. Daga 2020 zuwa 2023 aka sake wani mai suna AVENIR a jihohin Doso da Tawa, da yara fiye da 380,000, aka ga ragin kashi 14 cikin 100 inda aka ba dukan yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Masu binciken sun kuma ga cewa wasu ƙwayoyin cuta sun fara jure wa maganin. Saboda haka ba a ce kowa ya je tebur ya saya wa ɗansa ba.

A Madarumfa ta jihar Maraɗi, daga 2014, cibiyar Epicentre ta ƙungiyar likitocin MSF ta gwada wani ɗigon rigakafin gudawa mai jure zafi, a kan jarirai fiye da 3,500. An ga yana hana kashi biyu cikin uku na gudawa mai tsanani da ƙwayar rota ke kawowa. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. A fannin huhu ma ƙasarmu ta ba da nata. Tsakanin 2008 da 2010 an bi mutum 65 masu tarin fuka da ya ƙi jin magani, aka ba su magani na shekara ɗaya maimakon kusan shekara biyu. Mutum 58 suka warke. Iyayen da suka yarda, da marasa lafiyan da suka yi haƙuri, sun taimaki mutanen da ba za su taɓa gani ba.

Amma akwai labarin da ba za mu tsallake ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani magani mai suna Trovan a kan yara kimanin 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Rabi suka sami sabon, rabi suka sami wanda aka saba. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren, wasu suka tashi da nakasa. Iyaye suka ce ba a faɗa musu cewa gwaji ne ba. Kamfanin ya musanta laifi, ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar. Aka yi shekaru ana shari'a, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dalar Amurka miliyan 75. Har yau in aka ce gwajin magani, mutane da yawa a ƙasar Hausa wannan suke tunawa. Ba mu ga laifinsu ba. A ganinmu darasin Kano bai ce a guje wa kowane gwaji ba. Cewa ya yi a tambaya, a karanta, a riƙe takarda.

Ina ake samun gwaji?

Ba a fara neman gwaji kafin a san ciwo. Matakin farko shi ne gidan likita mafi kusa, wato CSI. Wanda ya yi tari fiye da mako biyu a auna majinarsa, domin in tarin fuka ne maganinsa kyauta ne, wata shida. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura shi asibitin gunduma a Dogon Dutsi ko Tibiri, daga nan babban asibitin Doso, daga nan Yamai, inda ake samun likitocin ƙirji, kamar a asibitin Lamorde. A riƙe takardar turawa da ɗan littafin asibiti. A tafi da kwalayen duk magungunan da ake sha, har da na gargajiya a faɗa.

A hannun likitan da ke duba mutum ake jin labarin gwaji. Ba rashin kunya ba ne a ce masa: "Likita, ko akwai wani bincike da ake yi a kan irin ciwona, wanda zan iya shiga?" In akwai a asibitinsa ya sani, in a wani wuri ne yana iya tambaya. Wanda yake da ɗa ko ƙane mai ilimin zamani da wayar da ke shiga intanet, yana iya sa shi ya duba manyan rajistoci. Akwai na Amurka mai suna ClinicalTrials.gov, wanda aka buɗe a 2000. Akwai na Afirka mai suna PACTR, wanda ake riƙe da shi a Afirka ta Kudu. Da Ingilishi aka rubuta su, saboda haka kalmar da za a buga ita ce hypercapnia, ko COPD, tare da sunan ƙasa. A nan za a ga inda ake gwajin, da masu yinsa, da ko suna kan ɗaukar mutane. Duba rajistar kyauta ne. Abin da aka gani a kai wa likita, shi zai ce ko ya dace.

Kowane gwaji yana da sharuɗɗa. Wani na ƴan shekara 40 zuwa sama ne. Wani sai wanda awon kabon ɗinsa ya kai wani adadi. Wani ba ya ɗaukar mai ciki, ko mai ciwon zuciya. Wanda aka ce bai cancanta ba kada ya ji haushi, kuma kada ya ɓoye gaskiya don a ɗauke shi, domin sharuɗɗan don kare shi aka sa su. A kuma yi lissafin nisa. Gwaji yakan bukaci a riƙa komawa asibiti a kai a kai. Mutumin Dogon Kiriya da zai shiga gwaji a Yamai ya tuna da kuɗin mota, da masauki, da wanda zai riƙe masa gona in damina ta faɗi. Gara ya ce a'a tun farko da ya fara ya ɓace.

Takardar yarda

Gwaji na gaskiya yana da alamu. Hukuma ta san da shi. A Nijar akwai kwamitin ƙasa mai duba ɗa'ar binciken lafiya, a takarda CNERS, wanda sai ya amince kafin a taɓa mutum ɗaya. Ma'aikatan CSI da shugaban asibitin gunduma sun san da zuwan masu aikin. Gwajin yana da lamba a rajista, mai farawa da NCT ko PACTR. Ba a karɓar ko dala a hannun mai shiga. Wani lokaci ana mayar masa da kuɗin mota ko ladan yinin da ya rasa, amma in kuɗin da ake nunawa ya yi yawa har ya rufe ido, a yi hattara. Kuma mai gwaji na gaskiya ba ya alkawarin warkewa. Da ya tabbata maganin na aiki, me zai sa ya gwada?

Sai babbar magana, wato takardar yarda. Dokar likitocin duniya da aka kafa a birnin Helsinki a 1964, aka sake gyara ta a 2024, ta ce ba a sa mutum a bincike sai an yi masa bayani ya fahimta, ya yarda da ransa. Bayanin a yi shi da harshen da yake ji. In da Faransanci aka rubuta, yana da hakki a fassara masa da Hausa, layi bayan layi. Wanda bai iya karatu ba ya zo da shaida wanda ba ya cikin masu aikin, a karanta a gabansa, sannan ya dangwala yatsa, shaidan ya sa hannu. Ana cika kofi biyu, ɗaya na mai shiga ne, ya tafi da shi gida. Yana iya cewa a ba shi kwana biyu ya yi shawara da iyalinsa. Mai cewa sai yau, sai yanzu, ba mai gaskiya ba ne.

A al'adarmu baƙo ba ya aiki a gari sai ya gaida mai gari, kuma haka ya dace. Amma yardar mai gari ba ta tsaya a madadin yardar mutum ba. Mace za ta shawarci mijinta, amma jikinta ne, kuma sai ta ce ta yarda da bakinta. Yaro kuwa iyayensa ke sa hannu, in ya yi wayo shi ma a ji ta bakinsa. Ga mai taruwar iskar kabon akwai wani abu na musamman. Tunda lalurar na ruɗa hankali, ana iya neman sa shi a gwaji alhali ba ya cikin hayyacinsa. A nan ɗan'uwansa na kusa ake tambaya, kuma in ya farfaɗo a sake tambayarsa shi kansa.

Kafin a sa hannu a yi tambaya, kada a ji nauyi. Me ake gwadawa, kuma an taɓa gwada shi a kan mutane? Wace illa aka sani? Zan iya faɗawa ɓangaren da ba ya samun sabon maganin, kuma me za a ba ni in haka ta faru? Jini nawa za a ɗiba, ina za a kai shi? In na sami matsala da dare wa zan kira, wa zai biya jinya? Mai lalurar numfashi ya ƙara da wannan: in na'ura ce, kuma ta yi mini amfani, in an gama za a bar mini ita ko za a karɓe? Wannan tambaya tana da nauyi, domin wanda ya saba kwana da na'ura shekara guda, ranar da aka ɗauke ta zai ji a jikinsa. A kuma tambaya ko tana aiki da batir ko da hasken rana, tunda ba kowane gari ne ke da lantarki ba.

Wanda ya shiga yana iya fita duk ranar da ya ga dama, ba sai ya faɗi dalili ba, kuma ba za a hana shi maganin da ake ba kowa ba. Abin da ake so kawai ya sanar da likitan, don a san yadda za a mayar da shi kan maganinsa na da. Muddin yana ciki kuwa, kada ya bar maganin da ya saba sha, kada ya ƙara wani, sai da sanin masu gwajin. Kada ya raba abin da aka ba shi da maƙwabci mai irin tarinsa.

Kafin gwaji ya zo, akwai abin da ke hannunmu. Mai shan taba ya bari, ko shekararsa nawa. A yi girki a fili ko a ɗaki mai taga, da busasshen itace, a ɗauke goyo daga bakin murhu. Mai sussuka da mai shiƙa su rufe hanci da ƙyalle. Wanda aka ba maganin shaƙa ya sa a nuna masa yadda ake amfani da shi, ya gwada a gaban ma'aikacin lafiya, domin da yawa suna fesa shi a harshe, ba ya isa huhu.

Aikin ɗalibai: a zama mai zuwa kowa ya rubuta cikakken sunansa, da sunan garinsa, da kwanan wata da lambobi, kamar yadda ake yi a ƙasan takardar yarda. Sannan ya zaɓi tambayoyi uku daga cikin na sama, ya kwafe su a littafinsa, ya karanta wa aji da ƙarfi. Malami ya tsaya a matsayin likita ya amsa.